Yadda ake zanen furen lili irin na tsofaffin littattafan tsirrai

Kafin zuwan kyamara, idan masanin tsirrai a Landan yana son ya nuna wa takwaransa na Faris cewa furen da ya samu daban yake da wanda aka sani, hanya biyu gare shi. Ko dai ya aika masa da busasshen tsiro da aka danne a tsakanin takardu, wanda launinsa ya riga ya gudu, ko kuwa ya aika masa da zane. Saboda haka zanen da ke cikin tsofaffin littattafan tsirrai shaida ne, kuma ana karɓarsa ne kamar yadda ake karɓar shaida. Wanda ya zana furen lili da falle biyar alhali shida gare shi ya yi shaidar zur, komai kyan fentinsa. A kan wannan ƙa'ida aikin ya tsaya: a ƙirga, a auna, sannan a ɗauki burushi. Kyan da muke gani a waɗannan zane-zane daga nan yake fitowa.

Fara da kallon aikin magabata

Kada ka fiƙe fensir tukuna. Ka ba idonka kwana biyu ko uku yana kallon yadda aka yi a da. Ɗakin karatu na intanet mai suna Biodiversity Heritage Library ya ɗora hotunan shafukan tsofaffin littattafan nan kyauta, kuma ana iya ƙara girman shafi har a ga ɗigon tawada.

A littafin magunguna na Leonhart Fuchs da aka buga a Basel a 1542, layi ne kawai ba inuwa, domin an sassaƙa zanen a katako ne da niyyar a cika launi da hannu daga baya. A babban littafin Basilius Besler na 1613, wanda ya tattara tsirran lambun wani babban limamin coci a Eichstätt ta ƙasar Jamus a shafuka 367, an koma sassaƙa a farantin tagulla, kuma za ka ga lili tun daga saiwa har fure. Daga nan Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Sweden, ya zo da tsarinsa na rarraba tsirrai bisa yawan gaɓoɓin haihuwa na fure, Georg Dionysius Ehret ya zana masa jadawalin tsarin a 1736, sai ƙirgen tsinkayen cikin fure ya zama wajibi a kan kowane mai zane. Lili ta faɗa aji na shida, mai tsinkayen namiji shida, wato siraran tsinkayen da ke ɗauke da garin fure a kawunansu.

Wanda ya kamata ka fi daɗewa a kansa shi ne Pierre-Joseph Redouté, ɗan ƙasar da a yau ake kira Beljiyam, wanda ya yi aiki a Faransa ƙarƙashin kulawar Joséphine matar Napoleon. Littafinsa Les Liliacées ya fito kashi-kashi daga 1802 zuwa 1816, mujalladi takwas, zane 486. Yana zana asalin hoton da fentin ruwa a kan fatar ɗan maraƙi, sannan masu sassaƙa su mayar da shi kan tagulla da ɗigo-ɗigo maimakon layi, dabarar da ya koyo a Landan. Shi ya sa inuwar furanninsa take tafiya a hankali, ba a ganin inda ta fara. Ka duba kuma aikin Walter Hood Fitch a littafin Henry John Elwes kan jinsin lili, na 1877 zuwa 1880. Hannun Fitch ya fi sauri da ƙarfin hali, kuma ya fi kowa iya cusa doguwar shuka a shafi ɗaya ba tare da ta shaƙe ba.

Akwai kuma zane-zanen da Robert Thornton ya sa aka yi a farkon ƙarni na 19, inda lili take tsaye a gaban duwatsu da gizagizai. Suna da ban sha'awa, amma a ganina ba su ne abin koyi ba ga mai farawa, domin bayan hoton yana janye ido daga abin da aka zo gani.

Zaɓi shafi ɗaya, ka tambayi kanka: daga ina haske ya shigo? A ina aka yanke kara? Me aka jera a ƙasan shafi? Wane ganye aka juya don a ga bayansa? Sannan ka kwafe shi da fensir, sau ɗaya ya isa.

Samun furen

Lili ta asali, jinsin Lilium, shukar ƙasashen sanyi ce ta arewacin duniya: Turai, Asiya da Arewacin Amurka. Ba ita ce bado na cikin tafki ba, dangi ma ba su haɗa ba. A manyan birane ana samunta wajen masu sayar da furannin biki da ake shigowa da su. Idan za ka saya, nemi kara mai fure ɗaya buɗaɗɗe da sauran ƙulli uku ko huɗu da ba su buɗe ba. Dalili kuwa, masu sayarwa sukan tsinke kawunan tsinkayen namiji da zarar fure ya buɗe, don garinsu yana ɓata tufafi, kuma furen da aka yi wa haka ba shi da amfani a wannan aiki. Wanda ya buɗe a ɗakinka shi ne cikakke. Sayi kara biyu idan da hali, ɗaya na kallo, ɗaya na yankawa.

Idan ba ka samu ba, dajinmu yana da abin da Redouté da kansa ya zana a littafinsa Les Liliacées, domin ya haɗa da dangi na kusa da na nesa. Gatarin kurege, wanda masana ke kira Gloriosa superba, yana ciki da tsohon sunansa Methonica superba, haka ma nau'o'in Crinum, dangin albasar kwaɗi da ke fure da farkon damina. Duk matakan da ke tafe za su yi aiki a kansu. Sai dai gatarin kurege dafi ne tun daga saiwa har iri, a wanke hannu bayan taɓa shi, a kuma nisanta shi da yara da dabbobi. Ita ma lili ta asali tana lalata ƙodar kyanwa ko da garin furen kawai ta lasa.

Kayan aiki

Fensir mai tauri 2H da matsakaici HB, magogi mai laushi da ake murzawa da yatsa, rula, da kamfas mai tsini biyu irin na akwatin lissafin 'yan makaranta. Sabuwar reza, gilashin ƙara girma mai ninki goma, takarda shara-shara ta kwafi, da farin faranti na tangaran don haɗa launi. Burushi uku sun isa: lamba 4 don shimfiɗa, lamba 1 don yawancin aiki, da ƙarami ƙwarai don jijiyoyi. Abin dubawa a burushi shi ne bakinsa ya haɗe ya yi tsini idan ya jiƙe.

A kan takarda kada ka yi rowa. Nemi takardar fentin ruwa ta auduga mai sulɓi, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, girman A3 ko fiye. Mai kaushi tana karya siririn layi. Fatar maraƙi da magabata suka yi amfani da ita tana da tsada da wuyar samu, kuma ba ta shan ruwa, fenti a samanta yake zama, don haka a bar ta sai hannu ya faɗa.

Fentin ruwa ba wani abu ba ne illa garin launi da aka kwaɓa da ƙaro, irin wanda ake samu daga itacen dakwara ana fitarwa daga Sudan da Chadi da arewacin Najeriya. Launi shida sun wadatar: rawaya mai haske da mai duhu, ja mai karkata ga ruwan lemo da mai karkata ga shunayya, shuɗi biyu. Kore da ruwan toka kai za ka haɗa abinka. Baƙi da fari ka bar su a cikin akwati.

Zama da haske

Zauna inda taga take hagunka idan da dama kake rubutu, don kada hannunka ya jefa inuwa kan aikin. Yawancin tsofaffin zane-zanen haka suke, haske daga sama ta hagu. Kashe duk wata fitila, haske ɗaya ake so. Sa karan a kwalba mai siririn wuya, ka cusa takarda a bakin don kada ya juya, ka jingina farin kwali a bayansa. Furen ya kasance daidai tsayin idonka. Yi alama a tebur inda kwalbar take, da inda kujerarka take, domin gobe a nan za ka dawo.

Daga wannan lokaci agogo ya fara aiki. Ƙullin lili daga ƙasa suke buɗewa zuwa sama, kawunan tsinkayen namiji suna fashewa cikin sa'o'i kaɗan bayan fure ya buɗe, fallaye suna ƙara lanƙwashewa baya kowace rana, kuma furen yana bin haske. Don haka tsarin aiki shi ne a fara da abin da zai riga mutuwa: buɗaɗɗen fure, sai ƙulli, sai ganye da kara, albasar da ke gindin shukar a ƙarshe. Da dare a sa shi wuri mai sanyi, nesa da ayaba ko mangwaro da ke nuna, domin iskar da suke fitarwa tana tsofar da fure.

Ƙirga da awo

Ɗauki wata takarda daban, ka rubuta abin da ka gani kafin ka zana komai. Fallayen fure shida ne, amma ba iri ɗaya ba: uku na waje sun fi siranta, uku na ciki sun fi faɗi kuma suna da ƙashin baya mai kauri a tsakiya. Idan ka kalli furen ta gaba, na ciki ne suke hawa kan na waje. A gindin kowane falle akwai kwari siriri inda zuma take taruwa. Tsinkayen namiji shida, kowanne yana fuskantar falle ɗaya, kuma kan kowanne an rataye shi ne ta tsakiyarsa, shi ya sa yake lilo idan iska ta taɓa shi. Sandar mace ɗaya ce, ta fi su tsawo, kanta ya kasu uku kuma yakan yi danshi. Ma'ajiyar iri tana cikin furen, a saman inda fallaye suka manne. A albasar kwaɗi kuwa ƙasan furen take, kamar kumburi a wuyan kara, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa ya raba dangin biyu. A gatarin kurege sandar mace tana karyewa gefe guda tun daga gindinta, kada ka miƙar da ita don ta yi maka kyau.

Duba ganye. Jijiyoyinsa a jere suke daga gindi zuwa baki. A wasu nau'o'in ganye a warwatse yake bisa kara, a Lilium martagon kuwa zobe-zobe yake yi. A Lilium lancifolium, mai ruwan lemo da baƙaƙen ɗigo, akwai 'yan baƙaƙen ƙwayoyi a hammatar ganye, waɗanda idan suka faɗi ƙasa sukan tsiro. Irin waɗannan su ne abin da masani zai fara nema a zanenka.

Yanzu buɗe kamfas, ka auna faɗin fure daga baki zuwa baki, tsawon falle, faɗinsa a inda ya fi faɗi, tsawon tsinke, kaurin kara, da tazarar da ke tsakanin ganye da ganye. Riƙe kamfas ɗin a miƙe a gaban furen kamar akwai gilashi tsakaninku, kada ka kutsa shi ciki. Falle da ya nufo ka zai auna gajere fiye da ainihin tsawonsa, kuma wannan gajeren awon shi za ka zana. Ana zana shukar daidai girmanta.

Zanen fensir

A kan takardar kwafi za ka fara, da 2H, hannu sake. Layin farko shi ne na kara, layi ɗaya tak da ke bin lanƙwasarsa har cikin tsakiyar fure ya fito ta kan sandar mace. Wannan layi ne ke riƙe komai. Furen da ya yi kamar an manna shi a kan kara, wannan layin ne aka tsallake.

Sai siffar furen gaba ɗaya. Lili mai dogon wuya mazurari ce: zana bakin a matsayin da'ira idan tana kallonka kai tsaye, ko da'irar da aka matse ta zama kamar ƙwai idan ta juya gefe, sannan ka ja layi biyu daga gefunan su haɗu a wuyan kara. Raba bakin gida shida. Daga tsakiya ja layin ƙashin bayan kowane falle zuwa bakinsa, kana bin yadda ya fito ya lanƙwashe. Sai bayan layukan nan shida sun zauna za ka sa gefunan fallaye. A nan ne ake yawan kuskure: inda falle ya naɗe baya, gefensa na nesa yana ɓacewa a bayan naɗin sannan ya sake fitowa, kuma dole inda ya ɓace da inda ya fito su zama layi ɗaya. Zana ɓoyayyen sashen da ɗigo-ɗigo tukuna, ka tabbatar ya haɗu, sannan ka goge. Haka za ka yi wa duk ganyen da ya murɗe.

Tsinkaye su zo daga baya, kuma kowanne a bi shi har gindinsa, kada ya tsaya a iska. Idan furen sabon buɗewa ne kawunansu dogaye ne masu santsi. Bayan sun fashe sai su gajarce su yi gari. Zaɓi hali ɗaya ga kowane fure.

Zana fure ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe, ɗaya ta baya idan akwai, da ƙulli manya da ƙanana. Kowanne a takardarsa. Ɗaga zanen a gaban madubi, karkatar da idonka ya saba da ita za ta fito fili.

Ajiye launi tun furen yana da rai

Fenti zai ɗauki kwanaki, furen kuwa ba zai jira ba. Ferdinand Bauer, mai zanen tsirrai ɗan Ostiriya da ya raka masanin tsirrai John Sibthorp zuwa Girka a 1786, ba ya samun lokacin fenti a hanya, sai ya riƙa rubuta lambobi a kan zanen fensir, kowace lamba tana nufin wani launi, ya zo ya yi fentin a Oxford daga baya. A tafiyarsa ta Ostareliya da kyaftin ɗin jirgin ruwa Matthew Flinders daga 1801 lambobin sun kusa dubu. Kai goma sha biyar za su ishe ka. Yanki gefen takarda irin wadda za ka yi aiki a kai, haɗa launi, shafa, bar shi ya bushe domin fentin ruwa yana yin haske idan ya bushe, sannan ka kara shi da falle a cikin hasken taga. Idan ya dace, ba shi lamba, rubuta abin da ka haɗa, ka sa lambar a kan zanenka. Ɗauki hoto da waya don tuna tsari, amma kada ka yarda da launin da waya ta ba ka.

Yanka fure na biyu

A ƙasan yawancin shafukan Redouté akwai 'yan ƙananan zane da aka jera, galibi ba launi. Su ne hujjar shafin. Cire falle ɗaya na waje da ɗaya na ciki, shimfiɗa su, zana su gefe da gefe. Cire tsinke ɗaya. Cire sauran duka ka bar sandar mace da ma'ajiyar iri tsirara, zana ta. Sannan da reza, a jan hannu ɗaya ba tare da gurzawa ba, yanka ma'ajiyar a gicciye, ka duba da gilashi: ɗaki uku za ka gani, kowanne da layi biyu na ƙwayoyin da za su zama iri. Wannan yana buƙatar a ƙara masa girma sau uku ko biyar, kuma a rubuta hakan a gefensa. Yi sauri, yankakken wuri yana canja launi cikin mintuna.

Idan ka samu shukar da albasarta, wanke ƙasar a hankali. Albasar lili ba ta da busasshen ɓawo a waje, ɓarori ne masu kauri da suka hau juna a sake. Nau'o'i da yawa suna fitar da saiwa a wuri biyu, a ƙarƙashin albasa da kuma a jikin kara sama da ita.

Tsara shafi

Yayyanke takardun kwafin, ka riƙa matsar da su bisa babbar takarda har sai sun zauna. Lili takan wuce mita ɗaya, shafin Redouté kuwa bai fi kusan rabin mita ba, don haka ake yanke kara gida biyu: sashen sama mai furanni a tsakiya, sashen ƙasa mai albasa a gefe ko a bayansa, wani lokaci da fensir kawai. Nuna bakin yankan a fili don mai kallo ya san an yanke ne, ya kuma ga ko karan yana da rami. Bar sarari a gefuna, da wurin suna a ƙasa. Idan furen fari ne, tsara yadda ganye zai ratsa ta bayan wani sashe nasa, koren zai fito da gefen falle ba sai an ja masa layi ba.

Idan ka gamsu, manna takardun, kwafe su a takarda ɗaya, shafa HB a bayanta, ɗora a kan takardar fenti, ka bi layukan da 2H ba tare da dannawa ba. Dannawa tana yin kwari a takarda, fenti ya taru a ciki. Ɗaga, ka dangwala magogi har layin ya kusa ɓacewa. Sa wata takarda a ƙarƙashin hannunka daga yanzu, maiƙon fata yana hana fenti kamawa.

Fenti

Ƙa'idar ita ce daga haske zuwa duhu, shafin fenti bisa shafin fenti, kuma kowane shafi ya bushe sarai kafin na gaba. Farin da ke cikin hoton farin takarda ne da aka bari. Magabatan da suka yi amfani da farin dalma, yau wuraren sun yi baƙi a wasu zane-zanen.

Ɗauki falle ɗaya. Jiƙa shi da ruwa zalla, ka tsaya daidai kan layi, jira ƙyallin ruwan ya ragu, sannan ka sa launi mai ruwa-ruwa a inda ya fi duhu, ka bar shi ya bazu da kansa zuwa inda haske yake. Kada ka koma kansa yana jiƙe. Tsallake falle na kusa da shi ka tafi na gaba, don kada su zuba cikin juna. A lokacin hunturu takarda tana bushewa kafin ka kai ƙarshen falle, sai ka jiƙa sau biyu, ko ka yi aikin shimfiɗa da sassafe.

Farar lili, irin Lilium candidum, ita ce gwajin gaske, domin inuwa kawai za ka zana. Haɗa shuɗi da ɗan ja da ɗan rawaya har su ba da ruwan toka mai tsabta, ka tsinka shi da ruwa sosai. A cikin maƙogwaron furen karkata shi ga kore, a inda falle ya naɗe karkata shi ga shuɗi. Fiye da rabin furen ya zauna takarda zalla. Mai farawa kusan kullum yakan wuce gona da iri a nan, furen ya fito kamar an wanke shi da ruwan toka. Idan kana shakka, dakata, koma nesa da taki uku ka duba. A fure mai rawaya ko ruwan lemo, ɗan shunayya kaɗan ake sa wa inuwa. Baƙi yana mayar da rawaya kore mai datti.

Bayan shafi biyu ko uku sai aikin busasshen burushi, wanda shi ne sirrin laushin tsofaffin zane-zanen, kuma shi ya fi cin lokaci. Ɗebi launi mai ɗan kauri da ƙaramin burushi, goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, gwada a gefen takarda: layi siriri kamar gashi ya kamata ya fito, ba ɗigon ruwa ba. Da irin waɗannan gajerun layuka, ɗaya kusa da ɗaya, za ka gina duhu, kullum kana bin hanyar jijiyoyi daga gindin falle zuwa baki. Layin da ya gitta jijiya yana baje falle ya kashe lanƙwasarsa. Inda falle ya hau kan wani, ƙara duhu a na ƙasa daidai bakin haɗuwar, na saman zai taso da kansa.

Ganye yana da ƙyalli, kuma ƙyallin ba fari ba ne, shuɗi-shuɗi ne mai haske. Fara da shafa wannan a ko'ina, sannan kore ya biyo baya yana kauce wa wuraren ƙyalli. Haɗa koren daga shuɗi da rawaya, ka karya shi da ɗigon ja. William Hooker, mai zanen 'ya'yan itatuwa a Landan, da wani shuɗi mai duhu da ake kira shuɗin Prussia da wata rawaya mai suna gamboge yake haɗa nasa, har yau ana sayar da kore da sunansa. Idan ka ga ganye ya yi shuɗi a wani tsohon shafi, sau da yawa rawayar ce ta koɗe ta bar shuɗin, don haka kada ka kwaikwayi wannan. Bayan ganye ya fi gabansa haske kuma ba ya ƙyalli. Jijiyoyi masu haske barinsu ake yi, a yi fenti a tsakaninsu. Kara kuwa a yi masa duhu a gefen da ba haske, a bar ɗan siririn haske a can bakin gefen, shi ke sa ya yi zagaye.

Ɗigon da ke jikin falle da kawunan tsinkaye su ne na ƙarshe. Ɗigon ba a warwatse suke barkatai ba: sun fi yawa wajen gindi, suna bin layin jijiya, kuma inda falle ya juya suna matsewa su zama siraran. Kusa da maƙogwaro wasunsu tsiro ne da ya taso, yana da 'yar inuwarsa. Kawunan tsinkaye a yi su da dangwale, ruwan goro a ƙasa, ruwan lemo a sama, gefensu a bar shi da ɗan kaushi. Tsinken kansa kore ne mai haske ƙwarai, kuma a kan farin falle inuwar gefensa ce kawai za ta nuna shi. Kada a zana inuwar shukar a ƙasa ko a bango. Ramin da ƙwaro ya ci a ganye, ka iya barinsa idan ƙarami ne, amma kada ya zama a kan ganyen da kake nuna siffarsa.

Suna da ajiya

Rubuta sunan kimiyya a tsakiyar ƙasan shafi da fensir mai tsini ko siririn alƙalami, kalmar farko da babban harafi, ta biyu da ƙarami: Lilium candidum L., inda L. take nufin Linnaeus ne ya raɗa sunan a 1753. Yawancin lilin kasuwa haɗin aure ne na masu lambu, don haka kada ka laƙaba musu sunan wani nau'in daji; rubuta Lilium kawai, da sunan da mai sayarwa ya ba ka idan akwai. Ba ƙananan zanen lambobi, ka yi bayaninsu a layi ɗaya. Magabata sukan rubuta cewa girman asali ne, amma tunda naka zai shiga waya inda girma ke canjawa, ja ɗan layi mai tsawon santimita ɗaya ko biyar a gefe ka rubuta awonsa. A kusurwar hagu sa sunanka. A tsofaffin shafuka za ka ga an bi sunan da del. ga wanda ya zana, pinx. ga wanda ya yi fenti, sc. ga wanda ya sassaƙa tagulla. A bayan takardar rubuta ranar, wurin da aka samo shukar, da ko tana da ƙamshi.

Bar shi ya kwana kafin ka goge ragowar fensir. Ajiye shi a kwance tsakanin takardu masu tsabta, a cikin akwatin da ke rufuwa, domin kyankyaso yana lasar ƙaron da ke cikin fenti, gara kuma tana cin takarda, danshin damina yana kawo tabo. Idan za a rataye, a sa kwali mai taga tsakanin zanen da gilashi don kada su taɓa juna, kuma a zaɓi bangon da rana ba ta faɗa masa, saboda ja da rawaya su ne suke fara koɗewa.